Katanga a Tsakar Shago

Shafi na 19

Sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in shafin yau bai fito ba za ta daina gaishe ni. To ga shi, a samu wuri a zauna a karanta a nutse.

Wanda yau ya iske mu, ga inda aka tsaya. 'Yan'uwa biyu ne suka gaji shagon kujeru da kabad daga mahaifinsu. Babban Yaya kafinta ne, aikinsa a bayan shago. Ƙaninsa, wanda kowa ke kira Mai Soso, shi ke sa wa kujeru soso da yadi a gaba. Ƙanwarsu Auta ce ke riƙe da wayar shago, tana saka hotuna tana amsa wa masu saye. An daɗe rabon da yayyen nan su yi magana baki da baki, komai sai ta saƙon waya a guruf ɗin gida. Jiya Mai Soso ya rubuta cewa zai raba shagon da katanga. Amsar da ta fito daga lambar Babban Yaya ita ce 👍.

*

Da safe Auta ta fito daga ɗaki, kanta a ƙasa, yatsunta na gudu a kan allon waya. Umma na zaune a falo tana ninke wanki. Da jin takunta Umma ta tura wani abu ƙarƙashin tulin kayan, amma Auta ba ta bi ta kai ba, don a daidai lokacin saƙo ya shigo.

"Gaisuwar fa?" in ji Umma.

"Na tura miki tun ɗazu, Umma."

"Kin gaida waya dai. Ni har yanzu ba a gaishe ni ba."

Auta ta ce ina kwana can ƙasan maƙoshi, idonta bai bar allon ba.

"Yarinyar da muke kira Aku saboda surutu," Umma ta ce tana kaɗe wata riga. "Yanzu sai mai sa'a ke jin muryarta. Je ki, Allah ya tsare."

Saƙon na Mai Soso ne. Ya ce magini ya iso, ta zo ta ɗauki hoton ɓangarensa da na Babban Yaya daban-daban, don daga yau kowa da shafinsa.

Ta rubuta "To", ta ɗauki jakarta.

A ƙofar shago ta iske an jibge bulo da yashi. Wani dattijon magini, hularsa duk siminti, ya ja igiya daga bango zuwa bango. Igiyar ta ratsa ta ƙarƙashin babban teburin aikin da marigayi Baba ya haɗa da hannunsa, ƙafa biyu a nan, ƙafa biyu a can.

"A'a, 'Yar Waya!" in ji Magini. "Ki kula da igiyata. In kika tsallaka kin shiga ƙasar waje, kuma ban ga fasfo a hannunki ba."

Auta ta yi ɗan murmushi ba ta ɗago ba. Haka take. In mai saye ya shigo shago sai ta sulale bayan labule ta tura masa farashi ta waya, yana tsaye yana waige-waige yana neman mai shagon. A rubuce ba wanda ya kai ta iya magana. Da baki kuwa harshenta sai ya yi mata nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

Mai Soso na ta jido bulo, gumi ya jiƙa masa riga. Ya bar wayarsa a kan keken ɗinki. Ya nuna mata bayan shago da haɓa.

Ta tsallake igiyar.

Bayan shago na nan yadda ta san shi: ƙamshin sabon katako, garin katako har idon sawu, zartuna a jere a bango. Babban Yaya na zaune kan ɗan benci, ya ɗora wani siririn katako a cinya, yana masa ƙananan tsage-tsage da wuƙa. In ya yi ɗaya sai ya shafa da yatsa, ya matsa gaba ya yi wani.

Auta ta ɗaga waya ta saita hoto.

Ta cikin allon ta ga ya ajiye wuƙar, ya miƙa hannu yana laluben teburi. Ya shafa nan, ya shafa can. Fensirinsa yake nema. Fensirin kuwa ga shi nan gabansa, ja jawur, a kan farin katako. Hannunsa ya wuce ta gefensa, ya dawo, ya sake wucewa.

A hankali ta sauke wayar.

Ta matso har gabansa ta tsaya. Ya ɗago fuska, ya kalli gefen kafaɗarta.

"Malam Magini, in teburin ne ka bari, ni zan janye shi."

Ta durƙusa. Rabon da ta ga fuskar Yaya kusa haka har ta manta. Ya rame. Furfura ta fito masa a gemu. A tsakiyar ƙwayar idonsa kuma wani fari-fari ya kwanta, kamar an ɗiga madara a ruwa.

Ta ɗauki fensirin ta sa masa a tafin hannu.

Ya riƙe yatsunta, ya shafa zoben da ya saya mata tun tana makaranta.

"Auta ce."

"Yaya…"

"Abin da kika gani, ki bar shi a nan." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kin ji ko? Ki bar shi ya yi katangarsa. Ta fi min sauƙi."

Ta miƙe. Ta koma jikin bango, ta yi abin da ta saba. Ta rubuta wa Mai Soso: "Yaya ka dakata. Idon Babban Yaya ne. Ba ya gani." Ta tura.

Can gaban shago wayar ta yi ƙara a kan keken ɗinki. Ba wanda ya waiga.

Ta sake turawa. Ta kira. Wayar ta yi ta kuka ita kaɗai tana zagaya a kan ƙarfe, Mai Soso na waje yana ɗora bulo a kafaɗa.

Magini ya gama kwaɓa siminti. Ya ɗebo da cokalin gini ya shimfiɗa a ƙasa, bin igiya. Ya ɗauki bulon farko ya ce bismillah.

Auta ta kalli wayar hannunta. Duk kalmomin da take buƙata suna ciki, a tsare, ba kuskure ko ɗaya. Ɗaya yayan ba zai iya karantawa ba, ɗayan kuma ba zai duba ba sai katanga ta kai ƙugu.

Ta ajiye ta a kan teburin Baba, ta kifa ta.

Ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ta sake gwadawa.

"Ku tsaya."

Ko ita da kyar ta ji.

Magini ya saita bulon.

"Na ce KU TSAYA!"

Bulon ya kuɓuce ya faɗi gefe. Magini ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Dama tana magana?"

Mai Soso ya shigo da bulo a kafaɗa, ya tsaya turus.

"Ke lafiya? In magana ce ki tura min, zan duba in na gama."

"Ba… ba zan tura ba."

"To mene ne?"

"Ajiye bulon."

"Auta, ba ni da lokacin…"

"Yaya Ƙarami, don Allah ajiye bulon."

Ya ajiye, don mamaki ya fi ƙarfinsa. Ta zo ta kama wuyan hannunsa ta ja. Ya turje a bakin igiyar.

"Ba na shiga ɓangarensa."

"Ai ba a raba ba tukuna."

"Gaskiyarta," in ji Magini. "Igiya ce kawai. Ni ma sau nawa na tsallaka."

Ta ja shi har gaban bencin, wurin da hasken taga ke faɗowa. Babban Yaya ya miƙe tsaye, ya juya musu gefe.

"Yaushe rabonka da ka kalli fuskar Yaya?" ta tambayi Mai Soso.

"Me zan kalla? Yau na san shi?"

"To kalle shi."

Mai Soso ya kalli bango. Ya kalli zartuna. Ya kalli takalminsa. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa yana neman waya, bai same ta ba, ya rasa inda zai ajiye hannun. Sai a lokacin Auta ta gane ashe ba ita kaɗai ce abin ya kama ba.

Da ya rasa abin yi sai ya hau faɗa, yana magana da taga.

"Kina son in kalle shi? To ki tambaye shi. Ma'aikaciyar asibitin nan da ta ba ni aikin kabad, ni na sha wahalar samo ta. Na ba shi aikin katako. Mutumin da tunda nake ban taɓa ganin ya kuskure awo ba, sai a aikina zai yanka ƙofofi su gaza? Ta dawo da kaya, ta saka hoton a waya, duniya ta yi ta mana dariya. Na rubuta masa, na ce Yaya me ya faru. Kin san me ya turo min? Yatsa! Tun kafin nan ma na saya masa ma'auni na zamani, mai haske da allo, na ajiye masa a teburinsa. Ko na gode babu. Yatsa! Na ce raina ya ɓaci. Yatsa! Jiya na ce zan raba shagon ubanmu, ina jira ya ce min kar ka kuskura, ina jira ko zagi ne ya zage ni…"

Muryarsa ta karye.

"Yatsa ya turo min, Auta."

Babban Yaya ya juyo, goshinsa a tattare.

"Wane yatsa kuma?"

"Ka ji ko? Har da rainin hankali."

Auta ba ta tsaya kan wannan ba. Idonta ya kai kan kanta, inda kwalin ma'aunin ke ajiye ƙura ta rufe shi. Ta sauko da shi, ta kunna, ta saita jan hasken a bango. Lambobi suka fito a ɗan allon. Ta miƙa shi gaban Babban Yaya.

"Yaya, karanta mana."

"Auta." Ya faɗa da gargaɗi.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ka ce in bar shi a nan. Ba zan iya ba. Karanta."

Har Magini ya daina motsa cokalinsa.

Babban Yaya ya karɓi ma'aunin. Ya kawo shi dab da fuska. Ya nisanta shi. Ya karkata kai wajen taga. Daga ƙarshe ya sauke hannu.

"Ina ganin wani abu na haske," ya ce. "Lambar ce ba na gani."

"Kamar yaya ba ka gani?" in ji Mai Soso. "Ga ta nan ɓaro-ɓaro…"

Bai ƙarasa ba, don a karon farko ya ɗago ya dubi yayansa cikin ido.

Auta ta ga yadda fuskarsa ta sauya. Bakinsa ya buɗe. Ya matso. Ya ɗaga hannu ya kaɗa a gaban fuskar Yaya kamar ƙaramin yaro.

"Bar kaɗa min hannu, ina ganin inuwarka," in ji Babban Yaya. "Ban makance duka ba. Kamar dai ana kallon duniya ta cikin farin labule."

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe. Da kaɗan-kaɗan ne."

"Kuma ba ka faɗa ba? Yaya, kana kunna injin yanka da wannan idon?"

"Hannuna ya san injin."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Babban Yaya ya koma ya zauna. Ya daɗe yana murza fensirin.

"Da farko tsoro ne. Wa zai kawo wa kafinta aiki in ya ji ba ya gani? Amma kai na so in faɗa maka. Ba sau ɗaya ba. In zo in tsaya bakin kekenka, in yi gyaran murya. Kanka na kan waya. Sai ka ce, 'Turo min, Yaya, zan duba.' In juya wajen Auta, ita ma kanta a ƙasa. To me zan turo? Ni da rubutun ya ɓace min?"

Auta ta ji hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

"Aikin kuwa ina yinsa lafiya," ya ci gaba, "don ina da sandata. Na yi mata tsage-tsage, kowane awo da zurfin tsagarsa. Yatsana ke karanta min. Wata safiya na zo na lalubi wurinta, babu. Sai wannan kwalin. Na ce shi ke nan, ƙanina ya gano, ya ɗauke ta don ya nuna min na ƙare. Na sassaƙa wata sandar da ka, ba abin gwadawa. Ita ce ta ci amanata a ƙofofin kabad."

"Sanda?" Mai Soso ya dafe kai. "Wani tsohon katako baƙi, duk an ɓantare shi?"

"Ita ce."

"Wayyo Allah. Na zaci gara ce ta ci shi! Na ce yayana ba zai yi ta awo da wannan ba ana zamani. Wallahi gata na so in yi maka!"

"To ina take?" in ji Auta.

Mai Soso ya juya da gudu, ya yi tuntuɓe da igiyar har ƙusarta ta fita daga bango. Ya nufi wata doguwar kujera mai ruwan toka da ya gama jiya, sabuwa fil, an lulluɓe ta da leda. Ya kifa ta. Ya sa almakashi ya farke yadin ƙasan tun daga wannan kai har wancan.

"Kai, kai, kai!" in ji Magini. "Yaro, kujerar mutane ce fa!"

"Zan sake ɗinkawa!"

Ya zura hannu cikin soso. Can ciki ga sandar, ya kafa ta a matsayin tokari. Ya ɗauko abin cire ƙusa, ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Ya goge ta da rigarsa. Ya dawo ya durƙusa gaban yayansa, ya ɗora masa ita a hannu biyu.

Yatsun Babban Yaya suka bi ta kanta, tsaga bayan tsaga, har ƙarshe. Ya yi wata dariya da Auta ta manta yana da ita.

"Ka huda min ita wuri biyu, ɗan banza."

"Ka yafe min, Yaya."

"Tashi, kar ka jiƙa min wando."

Bai tashi ba. Ya kifa kai a gwiwar yayansa yana kuka kafaɗunsa na rawa, Babban Yaya na dafa masa ƙeya da hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da sanda.

Magini ya juya baya ya fyace hanci da gefen riga.

"Siminti ne ya shiga min ido," ya ce, ba wanda ya tambaye shi. Ya matso ya leƙa fuskar Babban Yaya. "Ai wannan farin irin na surukata ne sak. Aka kai ta asibitin ido suka yi mata aiki. Yanzu ita ke zura wa matata zare a allura, laifina kuwa tun daga bakin titi take hango shi. Da na san haka abin zai zama da na yi shiru."

Dariya ta kuɓuce wa Auta cikin hawaye.

"Gobe da safe za mu je," in ji Mai Soso yana share fuska. "Ni zan kai ka. Su duba su faɗa mana."

"Aikin fa?"

"Aikin ya jira."

"Kuma ba kai ba injin yanka," in ji Auta. "Har sai likita ya ce. In yanka ne Yaya Ƙarami ya yi, kai ka auna masa da sandarka."

Babban Yaya ya juyo wajen muryar.

"Ikon Allah. Wai yau Auta ce ke kafa mana doka?"

"Ban gama ba ma. Kullum da safe, kafin kowa ya taɓa aiki, sai mun zauna mun gaisa. Wayoyi a cikin durowa. Wanda ke da magana ya faɗe ta da bakinsa, wanda ake wa magana kuma ya ɗago kai. Har ni. Ni ce ma ta farko."

"Aku ta dawo," in ji Mai Soso.

"Allah ya sa kar mu yi da-na-sani," in ji Babban Yaya.

Magini ya buga cokalinsa a kwanon siminti.

"To masu gida, duk na ji, kuma na yi murna. Amma ni da kwaɓina fa? Ya fara shan iska. Siminti ba ruwansa da sulhu."

Auta ta kalli bulon da ke ƙofa, ta kalli inuwar da rumfar shago ke yi. Ta je gaban Magini ta tsaya, ta dube shi cikin ido. Ta lura ashe gira ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma idonsa na dariya ko bakinsa bai yi ba.

"Baba Magini, bulon nan zai isa dakali?"

"Dakali?"

"A bakin ƙofa. Mai faɗi, wanda zai ɗauki mutum uku."

"Huɗu dai. Ko ni ba za a gayyace ni ba?"

"Huɗu."

"Yanzu kika yi magana!" Ya naɗe igiyarsa ya cusa a aljihu. "Tunda nake gini yau ne aka kira ni raba gida na ƙare da gina wurin hira."

Suka kwashe simintin da aka shimfiɗa a tsakar shago tun bai kama ba. Mai Soso na miƙa bulo, Magini na jerawa, Babban Yaya na zaune a kujera bakin ƙofa yana auna faɗin da sandarsa yana cewa a matsa nan, a rage can. Auta kuwa bakinta ya ƙi rufuwa. Ta ba su labarin mai sayen da ya turo hoton ɗakinsa da kyanwa a kan gado ya ce a yi masa gado irin na kyanwar. Ta kwaikwayi muryar Mai Soso in yana ciniki. Har wata mata ta tsaya tambayar kuɗin teburin cin abinci, Auta ta ce mata sannu da zuwa, ta ja ta ciki ta nuna mata da kanta. Labulen na gefe ko kallonsa ba ta yi ba.

Kafin la'asar dakali ya tsaya, an shafe shi sumul.

"Kar wanda ya zauna sai gobe," in ji Magini, "in ba so yake a san girman mazauninsa har abada ba."

Mai Soso ya ɗauko wayarsa daga kan keke.

"Yaya Ƙarami!" in ji Auta.

"Hoto ɗaya kawai. Na ƙarshe, wallahi."

Ya ɗauki hoton dakalin ya saka a guruf ɗin gida. Ya rubuta a ƙasa: "An fasa katanga." Yana shirin mayar da ita aljihu ta yi ƙara.

Ya duba. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya juyo wa Auta allon.

Daga lambar Babban Yaya: 👍

Suka waiga tare. Ga Babban Yaya zaune, hannunsa biyu a kan sanda, yana sauraron Magini.

"Yaya," in ji Auta a hankali, "ina wayarka?"

"Tana gida mana. Tunda rubutu ya fara gagarata na jefa ta a durowar ɗakina. Ban sake taɓa ta ba. Me ya faru?"

"To wa ke turo yatsan nan?"

"Ai ɗazu na tambaye ku wane yatsa, ba wanda ya ba ni amsa."

Mai Soso ya fara rubutu da sauri, yana faɗa a fili: "Wa… ne… ne… kai…"

Auta ta zare wayar daga hannunsa. Ta goge abin da ya rubuta. Ta kai ta teburin Baba ta kifa kusa da tata.

"A'a," ta ce. "Da ƙafa za mu je."

Suka rufe shago. Babban Yaya a tsakiya, Mai Soso riƙe da hannunsa na dama, Auta na hagu tana faɗa masa inda kwata take da inda dutse yake. Maƙwabta na leƙowa daga shagunansu suna kallo, don sun manta rabon da su ga ukun nan a jere.

Auta ce ta tura ƙofar falo.

Umma na zaune inda ta bar ta da safe. An kwashe wankin. Ta sa tabarau a kan hanci, kuma a tafin hannunta ga wayar Babban Yaya, allon na haske, hoton dakalin a buɗe.

"Umma?" in ji Mai Soso. "Ke ce?"

Umma ta cire tabarau ta ninke. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi hannayensu da ke riƙe da juna.

"Ku shigo ku rufe ƙofa," ta ce. "Na daɗe ina jiran ranar da ɗayanku zai zo ya tambaye ni da bakinsa."